Ranar da Na-Isa Ya Je Ɗiban Wuta

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga mahaifinka Garba, zuwa ga ɗana Isma'ila, wanda duk girman da zai yi Ilu zan ci gaba da kiransa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku kun sauka lafiya, kai da matarka Asabe, ba ciwon kai ba na ƙafa, jakunan ma ba wanda ya yi tuntuɓe. Allah ya sa ƙasar Taba ta karɓe ku, ya sa kun shiga sabon wurin da ƙafar dama. Innarka tana gaishe ku. Ta ce in gaya maka ba kuka take yi ba, hayaƙi ne ya shige mata ido. Tun da aka fara ɗaurin kaya dai hayaƙin bai fita ba.

Na cusa takardar a bakin taikin dawa don na san shi za ku fara kwancewa. Kusa da ita za ka ga wani abu ƙunshe a tsumma. Kada ka yar, kada kuma ka ce tsufa ya fara taɓa ni, karanta tukuna. Ka yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya shekara arba'in riƙe da fartanya aka ba wa alƙalami a ajin yaƙi da jahilci, ba laifinsa ba ne in layi ya karkace. Da baki ya kamata in faɗa maka, amma na kasa. Uba ba ya zaunar da ɗansa ya ba shi labarin wautarsa suna kallon juna.

Kalma biyu ce ta sa ni wannan aiki. Shekaranjiya kana ɗaure kaya a zaure, abokinka ya tambaye ka wa ka sani a can, tunda filin da dagaci ya yanka maka yana bayan gari, ba gida kusa. Na ji ka ce, "Ba sai na san kowa ba. Ƙasa ma ta sami mulkin kanta, balle ni. Na isa." Ina bayan zana lokacin. Sai da gabana ya faɗi, sannan dariya ta kama ni. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ka tashi ka ji ana kiran unguwarmu Gidan Na-Isa, kana tsammanin kirari ne. To, ba kirari ba ne, Ilu. Tsiya ce mutanen garinmu Furana suka yi mini, ta bi ni har ta zama sunan gari.

Ga yadda aka yi. Da kakanka ya rasu, gandu ya koma hannun yayana, wato Baffanka Mamman. Ni kuwa a lokacin jinina na tafasa, sabon ango, ina ganin duk abin da tsofaffi ke yi a hankali ni zan yi shi da gudu. Na ce masa mu dasa rake a fadama, don na ga yadda mazarƙwaila ke tashi a kasuwar Makarfi. Ya ce a'a, yadda Baba ya bari haka za a ci gaba. Na matsa, na matsa, har ran nan a gaban mutane, a ƙofar masallaci, ya ce, "Garba, ba ka isa ba." Na ce, "Na isa." Da na tsaya a nan da ba komai. Amma sai na ɗaga yatsa na rantse da Allah cewa zan fita in kafa gidana, kuma ko wuta ba zan ɗebo a gidan kowa ba.

A kan rake ina da gaskiya, za ka ji. A kan rantsuwa kuwa ni ne babban wawa. Kai ka fita da albarkata, ba da faɗa ba, na gode wa Allah. Amma ka kiyayi bakinka ranar da ranka ya ɓaci, don magana zarar bunu ce. Kada ka taɓa rantsewa a kan abin da ba ka san yadda gobe za ta zo da shi ba.

Na ɗauki innarka da jaki ɗaya da akuya biyu, muka nufi bakin wata fadama tsakanin Furana da Paki, inda ba kowa sai birai da gauraki. Ba zan yi maka ƙarya ba, shekaru ukun nan sun yi mini daɗi, har yau in na tuna sai ƙirjina ya buɗe. Na sare daji. Na buga tubali na gina ɗaki. Da aka zo maganar rufi, na tuna ana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai na ƙi ɗaura ta a ƙasa yadda kowa ke yi. Na hau bisa gini na ɗaura ta a can, tsarnu ɗaya bayan ɗaya, don kawai in ƙaryata karin magana. Sau biyu na faɗo, amma jinkar ta zauna, kuma ko ɗigo ba ta yi ba. Na haƙa rijiya gaba bakwai, ranar da ruwa ya ɓulɓulo a tsakanin yatsun ƙafata na yi kabbara har birai suka watse. Shekara ta biyu rumbu biyu na cika, ta uku rumbu uku. Audugarmu innarka ke kaɗawa, daddawarmu daga ɗorawar bayan gida, man kaɗe namu, sabulun salo namu, zuma daga amyar da na ɗaura da kaina. Gishiri da kanwa da allura kaɗai nake sayowa, ina ce wa kaina saye ai ba roƙo ba ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, wannan gaskiya ce, kuma ina so ka ɗanɗana ta. Ba abin da ya kai tuwon da ka san kowace ƙwayarsa tun tana iri.

Amma dubi abin da na rubuta yanzu. Na ce na haƙa rijiya. Ina can ƙasa ina haƙa, wa ke sama yana jan ƙasar da igiya? Innarka ce, har tafin hannunta ya saɓule. Shekara uku ina bugun ƙirji ina cewa ni kaɗai, alhali hannu huɗu ke aikin, biyu ne kawai ke da baki. Duk ranar da ka ji bakinka zai ce ni kaɗai, ka ɗaga kai ka duba wa ke riƙe da igiya.

Kuma ban lura da abin da zaman ke ci mata ba. Ba mai taya ta lugude, ba wadda za su yi hira a bakin turmi. Wata rana na ga ta ɗaure kai tamau da rana tsaka, na tambaye ta ko ciwo ne. Ta ce, "Malam, wata biyar ke nan ba a yi mini kitso ba. Mace ba ta ganin ƙeyarta." Ni ma ƙeyata duk tabon aska ce, saboda na ƙi zuwa wurin wanzami. Sallar Juma'a kuwa Paki nake takawa, tafiyar rabin yini, don kada in haɗa sahu da yayana a Furana da ke nan kusa. Sau uku ana aiko mini da goron gayya, sau uku ina mayarwa, ina cewa wanda bai nemi a taya shi ba, kada a neme shi. Daga nan ba a sake aikowa ba, ni kuma na ɗauka nasara ce na yi. Girman kai rawanin tsiya, ni har da kunnuwa biyu na naɗa nawa.

Yanzu ga ranar da nake so ka ji.

Lokacin babban yaƙin Turawa ne, sukari ya yi wuya, kowa ya koma kan mazarƙwaila. Rakena ya yi kyau, sanda kamar damtsen ƙato. Na sayar da auduga da gyaɗa na sayi doki da injin matsa rake, na gina murhu, na girka babban kasko. Ka san aikin, mutum bakwai ma suna gumi: mai sara, mai jido, mai korar doki, mai cusa rake a inji, mai iza wuta, mai juyawa, mai zubawa a kwanoni. Ni na ce mu biyu mun isa, ga innarka da tsohon ciki. Cikinka ne.

Kwana biyu ina sara ina jidowa, ita tana zaune tana ɓare ganye. Ƙanzo da rake muka yi ta ci a bakin fadama, ba wanda ya bi ta kan murhun gida. A gidan kuwa akwai wani gungumen kirya da nake tinƙaho da shi, in ya kusa cinyewa in jingina masa wani, shekara uku wutarsa ba ta mutu ba. Ƙyastuna na kunna wuta ya daɗe da faɗawa rijiya, ashana kuwa ta yi wuya saboda yaƙi, ban damu in nemi wani ba. Ina cewa wutar gidana ba ta mutuwa.

Rana ta uku da sassafe muka ɗaura doki. Tana cusa rake, ina kora, ina kwashe ruwan. Kafin hantsi ya dubi ludayi garwa shida ta cika. Na ruga gida in ɗauko wuta, na tarar gungume ya yi sanyi ƙalau. Na tona toka, na hura, na hura, har gemuna ya yi fari. Na ɗauko ruwan fartanya ina buga wa dutse, tartsatsi na tashi, auduga ta ƙi kamawa. Ka kuwa san ruwan rake ba ya jiran kowa, in bai hau wuta ba tsami zai yi. Ga kuma tulin raken kwana biyu yana bushewa a rana. Duk wahalar shekarar nan a nan take kwance, don saboda rake ko dawa ban shuka da yawa ba.

Na dawo fadama hannu rabbana. Innarka ta dube ni, ta dubi garewanin, sannan ta nuna gabas da haɓa. Ta ce, "Malam, ga hayaƙi can." Na san hayaƙin. Na murhun yayana ne, don shi ma da ya ga kasuwa ta buɗe ya dasa raken da ya hana ni. Na ce, "Kin manta na rantse?" Ta ce, "Rantsuwar taka ce, ba tawa ba. Da zan iya tafiyar, da tuni na je na dawo. Amma dube ni." Na dube ta. Ƙafafunta sun kumbura, gumi na zuba, tana dafe da ƙugu. A shekara uku ban taɓa dubanta sosai ba sai ran nan, kuma kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ta miƙo mini tsingaron wata tukunya da ta fashe.

Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Na isa na tarar mutum kusan goma suna aiki. Na yi sallama. Kowa ya tsaya cak, doki kaɗai ya ci gaba da kewayawa. Baffanka yana bakin kasko da muciya. Ya ce, "Wa alaikumus salam. Wa nake gani kamar Garba?" Na durƙusa na ce, "Ni ne, Yaya. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali?" Ya amsa ɗaya bayan ɗaya bai gaggauta ba, ya tambayi gida, ya tambayi innarka don ya ji labarin cikinta, har da akuyoyi, ni kuwa hankalina na kan garwa shida. Ya ce a shimfiɗa mini buzu. Na ce a'a, sauri nake yi. Sai ya faɗi abin da ake ce wa baƙon da ya ƙi zama: "Haba, shekara uku ba mu gan ka ba, ko ɗiban wuta ka zo?"

Na fito da tsingaro daga bayan riga na ce, "Shi na zo, Yaya."

Ilu, ban taɓa jin dariya irin ta ran nan ba. Wani har ya faɗi a kan ɓawon rake yana riƙe ciki. Baffanka kaɗai bai yi ba. Ya nuna bakin murhu ya ce, "Ga ta nan. Ba tawa ba ce, ta Allah ce."

To, ga wautar da ta fi duka. Ga wuta maƙil a murhu, amma don kada a ce Na-Isa ya kwashi da yawa, sai na zaɓi garwashi ƙwaya ɗaya, bai fi goro ba, na ɗora a tsingaro na zuba da gudu. Kafin in kai rafi ya zama gawayi. Na tsaya a bakin ruwa ina kallonsa, hawaye suka zubo mini, ƙato da ni. Zuwan farko ya yi ɗaci, amma komawa ta biyu ita ce ta karya ni. Na juya.

Da ya hango ni, Baffanka ya aje muciya ya karɓi tsingaron daga hannuna. Ya shimfiɗa toka, ya tula garwashi, ya ɗora busasshen kashin shanu, ya sake rufewa da toka. Ya ce, "Wa ya gaya maka ana ɗaukar wuta ƙwaya ɗaya? Abin da ba a saya kake yi wa kanka rowa da shi? Me ka ɗora?" Na ce, "Ban ɗora ba. Garwa shida na matse tun hantsi." Ya ɗaga kai ya dubi rana ya ce, "Innalillahi! Kai da wa?" Na ce ni da ita. Ya ce, "Da cikin?" Bai jira amsa ba. Ya bar mutum uku a kan kaskonsa, ya ce sauran su ɗauki adduna su biyo shi, ya aika a kira matarsa, Iya Kande. Shi da kansa ya ɗauki wutar, yana gaba ina biye.

Garwa biyu na farko sun riga sun tafi, muka zubar. An ce ruwa ba ya tsami banza, nawa dai na san abin da ya tsamar da shi. Huɗu suka tsira. Kwana uku mutanen nan suna zuwa, da waƙa da tsiya, kowa ya wuce ni sai ya ce, "Sannu Na-Isa, a kawo wuta?" Aka matse raken tas. Mazarƙwailar ta fito ja jawur, tana ƙamshi har bakin hanya. Baffanka ya ɓalli ɗaya ya tauna, ya daɗe yana taunawa, sannan a gaban kowa ya ce, "Garba, a kan rake ka fi ni gaskiya. Wannan ta fi tawa." Wallahi da an naɗa ni sarauta ran nan da ban ji daɗin da na ji ba. Na buɗe baki zan yi magana, ya ce, "Rufe, kada ka sake rantsewa." Na yi kaffara, na ciyar da miskinai goma, kowa na ɗora masa mazarƙwaila a kan tuwonsa.

Kwana tara bayan haka, da la'asar, naƙuda ta kama innarka. Tun ranar wutar Iya Kande ba ta fasa zuwa ba, ita ce ta ga alama ta sa aka ɗauko ungozoma. Ka zo da cibiya naɗe a wuya, ba ka yi kuka ba sai da tsohuwar nan ta warware ta, ta yi abin da ta sani. Ina tsaye a bakin rijiyata, ga rumbuna uku, ga doki, ga jinkar da na ɗaura ni kaɗai, ba ɗayansu da ya san yadda ake warware cibiya. Da gungumen nan bai mutu ba, da ranar mu biyu za ta samu, ni da ita. Ban taɓa gode wa Allah a kan wata ni'ima kamar yadda nake gode masa a kan mutuwar wutar nan ba.

Kada ka ɗauka na koma gandu. Ban koma ba, Baffanka ma bai ce in koma ba. Na zauna a wurina, na ci gumina. Sai dai goron gayya ya dawo, ni ma na fara zuwa da fartanyata tun kafin a buga ganga. Na bar Fulani shanunsu su ci karan gonata, suka bar mini taki, matansu suna kawo wa innarka nono da hira. Wannan ya zo don rijiya, wancan don fadama, yau gida goma sha tara ne a inda birai ke wasa, da masallacinmu da injin rake huɗu. Na kafa gari, Ilu, kuma ina alfahari da shi. Amma ba ranar da na rantse na kafa shi ba, ranar da na je ɗiban wuta sau biyu ne.

Saboda haka ban hana ka cewa ka isa ba. Ka isa mana, ɗan wa ne kai? Ka haƙa rijiyarka kafin ruwa ya sauka, ka cika rumbunka, kada ka zama mai leƙen tukunyar wani. Amma ka san ma'anar kalmar. Wanda ya isa shi ne wanda in an zo ɗiban wuta gidansa ana samu, in tasa ta mutu kuma ƙafarsa ba ta yi masa nauyi. Mulkin kan da kake misali da shi, na yi murna da shi har na yanka rago, amma ban ga sabuwar tuta ta hana jirgin ƙasa kawo gishiri ba. Kuma innarka ta raɗa mini wata magana game da Asabe wadda kunya ba za ta bar ni in rubuta ba. Ka dai sani, in Allah ya so, damina ba za ta wuce ba sai kun zama uku. Ina so kafin ranar ta zo, a ce akwai wata tsohuwa a Taba da ta san hanyar gidanka ba sai an nuna mata ba.

Yanzu kwance tsumman. Shi ne tsingaron, innarka ta adana shi duk shekarun nan a ƙarƙashin gadonta. Ashanar da ka sayo a Makarfi ka ɓoye a cikin butar ƙarfe kuwa, kada ka wahalar da Asabe da nema. Tana aljihuna.

Tun rana ba ta faɗi ba, ka fito ka duba inda hayaƙi ke tashi, ka nufi can. Kai za ka je, kada ka aiki matarka. Ka yi sallama, ka durƙusa, ka yi gaisuwa har ta ƙare ko da yunwa na cin ku. Ka faɗi sunanka da na ubanka, ka ce kai ne baƙon da ya sauka a bayan gari, ka zo ɗiban wuta. In sun ce ka zauna, ka zauna. In ka tashi ɗiba kuma, ka ɗebi da yawa. In ka ga lallai sai da ashanar taka, ka san hanyar gida, zumunta a ƙafa take. Ka zo ka roƙa, zan ba ka.

Allah ya tsare ku daga sharrin daji da na mutum, ya kiyaye ku daga maciji da gobara da ciwon farat ɗaya. Allah ya albarkaci irin da za ka zuba, ya sauki Asabe lafiya, ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Allah kada ya kashe wutar gidanka, in kuma ya ƙaddara ta mutu, ya sa akwai hayaƙi kusa. Baffanka Mamman, ga shi nan ido ya yi rauni amma baki bai mutu ba, ya ce a gaishe da ƙaramin Na-Isa, a kuma gaya masa sau ɗaya ya wadatar in mutum yana da hankali.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka Garba, wanda bai isa ba sai da ya je sau biyu.